Sayar Da Gida Ƙasa Da Bashi A Amurka: Banki Ya Yafe, Haraji Ya Taso

Tun daga rikicin gidaje na 2007 da 2008, lokacin da farashin gidaje ya faɗi warwas a Amurka, ɗimbin magidanta suka sami kansu da bashin banki wanda ya fi darajar gidan da suka jinginar. Hanya guda da aka riƙa bi domin kauce wa ƙwace gida ita ce mai gida ya sayar da shi da yardar banki a kan kuɗin da bai kai bashin ba, bankin ya karɓi abin da ya samu. To, amma sa hannu a takardar ciniki ba shi ne ƙarshen magana ba.

A misali, mutum ana binsa Dala 300,000, gidan kuwa ya sayu a kan Dala 220,000. Tambaya ta fari ita ce, wa zai ɗauki ragowar Dala 80,000? A jihohi da dama banki yana da ikon kai tsohon mai gidan kotu ya nemi cikon kuɗinsa, sai fa idan ya rubuta a fili cewa ya yafe. Jihar Kalifoniya ta hana wannan da dokar da ta fara aiki a 2011, kuma a shekarar nan aka faɗaɗa ta har ta haɗa da masu bin bashi na biyu. Inda babu irin wannan doka kuwa, yardar banki a sayar da gida dabam, yafe ragowar bashi dabam, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami.

Tambaya ta biyu ta haraji ce. A dokar Amurka, bashin da aka yafe wa mutum ana lissafa shi tamkar kuɗin da ya samu a shekarar. Da zarar yafiyar ta kai Dala 600, banki zai aika da takarda mai lamba 1099-C ga hukumar haraji ta IRS. Watau mutumin da ya rasa gidansa sai a nemi ya biya haraji a kan Dala 80,000 waɗanda bai taɓa riƙewa a hannu ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Saboda haka ne Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata doka cikin Disamba 2007, wadda ta ɗauke harajin daga bashin gidan da mutum yake zaune a ciki, har zuwa Dala miliyan 2. Majalisa ta yi ta ƙara wa'adinta, kuma a Disamba 2020 ta rage adadin zuwa Dala 750,000, ta ce rangwamen ya shafi bashin da aka yafe kafin 1 ga Janairu 2026, ko wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a rubuce kafin wannan rana. Gidan haya da gidan hutu tun asali ba su cikin lissafi.

Har wa yau akwai wata kafa wadda ba ta da wa'adi. Wanda bashinsa ya fi dukan abin da ya mallaka a lokacin yafiyar, ana ɗauke masa harajin gwargwadon giɓin, haka kuma wanda kotun fatara ta sallama, muddin an cika takarda mai lamba 982.

Duk da haka cinikin yana da ribarsa. A ƙa'idar kamfanin Fannie Mae, wanda ya sayar ta wannan hanya yakan jira shekara 4 kafin ya sake samun bashin gida, wanda aka ƙwace wa kuwa shekara 7. Sai dai ribar ba ta tabbata sai mai gida ya riƙe takardar yafiya a hannu, ya kuma nuna ta ga lauya da masanin haraji tun kafin ranar sa hannu.