Janyewar Tambuwal a Ma'aunin Manɗiƙi

A daren 28 ga Mayun 2022, ana gab da fara jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na PDP a Abuja, Aminu Waziri Tambuwal ya janye, ya kuma buƙaci wakilansa su mara wa Atiku Abubakar baya. Atiku ya tashi da ƙuri'a 371, Nyesom Wike kuwa 237. Mutanen Wike suka kira abin cin amana. A ganina, ko da Tambuwal bai ce uffan ba, tsarin zaɓen ya riga ya buɗe wannan ƙofa.

Mai karatu ya ɗauki wakilin da zuciyarsa ke ga Tambuwal, amma ya hango gwaninsa ba zai kai bantensa ba, kuma Wike ne wanda ya fi gudu. Ribarsa ita ce ya danne son ransa ya jefa wa Atiku. Wannan dabara ba ta 'yan siyasarmu ce kaɗai ba. Allan Gibbard a 1973 da Mark Satterthwaite a 1975, masana biyu a Amurka, kowa ta hanyarsa, sun kafa hujja ta manɗiƙi da lissafi cewa duk tsarin da ke fitar da mutum ɗaya daga 'yan takara uku ko fiye, waɗanda kowannensu zai iya ci, ɗayan biyu ne: ko dai mutum guda ke yanke hukunci shi kaɗai, ko kuwa akwai halin da ɓoye gaskiya ya fi amfanar mai zaɓe. Babu na uku.

Tun 1785 Bafaranshen nan Condorcet ya nuna wata ɓarakar. Kansiloli uku: na farko ya fifita makaranta, sai asibiti, sai hanya, na biyu asibiti, hanya, makaranta, na uku hanya, makaranta, asibiti. Makaranta ta kayar da asibiti, asibiti ya kayar da hanya, hanya kuma ta kayar da makaranta, duk da rinjayen biyu bisa ɗaya. Shugaban zaman da ya zaɓi waɗanda za a fara gwadawa, shi ya zaɓi aikin, ba tare da ya murɗe ƙuri'ar kowa ba.

Shi ya sa na yi wa muhawarar 'yar tinƙe ta 2021 kallon rabin magani, wadda ta kai Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a dokar da ta wajabta ta. 'Yar tinƙe za ta tsadar da sayen ƙuri'a, wannan kam gaskiya ne. Amma ko mutum miliyan ne suka yi layi, muddin 'yan takarar sun kai uku, lissafin wancan wakili na nan daram.