Sanƙarau Ba Ya Jiran A Tashi Kasuwa

Ƴan'uwana ƴan kasuwa da iyayenmu mata, daga kaɗawar hunturu har zuwa zafin bazara lokacin sanƙarau ne. Ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta samu ƙofa ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Tari da atishawa ne ke yaɗa ta, musamman inda ake kwana a cunkushe, kamar tasha da rumfunan mahaƙa zinariya na Djado. Wanda ya ɗauko ta ma sau da yawa lafiyarsa lau.

Abin da ke damuna shi ne mun saba jiran wuya ya sanƙare kafin mu ce sanƙarau ne. Saurayi ko babba, e, za a ga zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da ƙin haske. Amma jaririn da ke goye a bayanki, Hajiya, wuyansa ba lallai ya sanƙare ba. Zai ƙi nono, ya riƙa kuka ba ƙaƙƙautawa ko barci ya yi masa yawa, maɗigarsa ta kumbura. Tsoho kuwa ruɗewa yake yi, sai a ce tsufa ne ko iskoki.

Sai a aika wurin mai tebur a sayo maganin zazzaɓin sauro, a ce bari a tashi kasuwa. Ciwon nan yana iya kashewa cikin kwana guda, wanda ya tsira ma wani lokaci kurma yake zama. A 2015 ya kashe sama da mutum 500 a Nijar, kuma a shekarar aka gano allurar rigakafi ta jabu tana yawo. Wannan abin kunya ne gare mu masu saye da sayarwa: rigakafi ba hajar tebur ba ce.

Idan an kai asibiti likita ya ce zai ɗebi ruwan ƙashin baya, don Allah kar a gudu da mara lafiya. Da ruwan nan ake tabbatar da ciwon, a kuma gane irin ƙwayar, tunda ba iri ɗaya ba ce. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a 2010 na nau'in A ne kaɗai, na 2015 kuwa nau'in C ne. Ko yaronki an yi masa allura, in alamun nan suka bayyana, bar wa maƙwabciya rumfar ki tafi asibiti.