Yadda Duna ya koma taka ƙafa huɗu

Makon nan labarin karen gidanmu zan ba ku, da na ƙanena ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, wanda ya riga ni gano wani abu duk da cewa ni ke karatun likitan dabbobi a jami'a.

Sunan karen Duna, shi ke gadin awakin Inna da kajinta. A hutun da ya wuce adaidaita sahu ta buge shi a bakin titi, ya dawo gida yana ɗage ƙafar baya ta hagu. Muka ce targaɗe ne, zai warware. Kwana goma ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba. Baba ya ce kare mai ƙafa uku ba zai kori ɓarawo ba, gara a rabu da shi. Ranar ƙanena ko tuwo bai ci ba. Da ƙyar na shawo kan Baba ya yarda mu kai Duna asibitin dabbobi.

Hoton ƙashi ya nuna ba karaya ba ce, gocewa ce. Kan ƙashin cinya a mulmule yake, yana zaune cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu, kamar taɓarya a turmi. Bugun ya fitar da shi daga kwarmin. Likita ta ce da mun zo cikin kwanakin farko, da ta yi masa allurar barci ta gwada mayar da shi ba tare da yanka ba. Jinkirinmu ya rufe wannan ƙofa.

Sai tiyata. Abin da aka yi zai ba ku mamaki: yanke kan ƙashin aka yi, aka cire shi gaba ɗaya. Da zarar ƙashi ya daina gogar ƙashi, zafin ya tafi. Tsokar da ke wurin ita za ta riƙe ƙafar, sannan naman tabo ya cike gurbin, ya zama wata sabuwar gaɓa. Amma likita ta ja mana kunne. A karaya hutu ake so. A wannan aikin kuwa, idan karen bai motsa ƙafar da wuri ba, tabon zai sandare, tsokar ta tsotse, ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Ta dubi ƙanena ta ce, "Ni na gama nawa, saura naka."

Mako biyun farko Duna yana cikin zaure a kan tsohuwar tabarma, an sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Safe da yamma ƙanena zai ba shi maganin rage zafi da likita ta rubuta, ya kwantar da shi, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe a hankali sau goma, kamar yadda aka nuna masa. Inna takan leƙo ta ce, "Kai ka ƙyale bawan Allahn nan ya huta mana!" Shi kuwa sai ya ce, "Inna, hutun ne zai gurgunta shi." A kwana na 14 aka cire zaren, ni kuma na koma makaranta.

Bayan kwana biyu ya kira ni da wayar Baba, muryarsa a raunane. "Yaya, har yanzu bai taka ba. Ko kuɗin Baba ya tafi a banza?" Ban da "ka yi haƙuri" ba ni da abin ce masa. Ashe yana rubuta komai a bayan wani tsohon littafinsa: mintin da suka yi suna tafiya, da sau nawa ƙafar ta sauka. A nan ya lura cewa idan Duna yana sauri, tsalle yake da ƙafa uku, amma idan aka rage masa igiya aka tafi sannu-sannu kamar masu rakiyar amarya, dole ya sauke ta huɗun don kada ya faɗi. Da na tambayi malaminmu, ya ce haka abin yake, shi ya sa ake son tafiyar a hankali.

Daga nan kullum bayan la'asar suna fita, daga minti biyar zuwa goma, har suka fara hawa tudun bayan gidanmu, domin hawa yana sa ƙafafun baya aiki. Yaran unguwa suka sa masa suna "nas ɗin kare", bai kula su ba. A mako na shida Duna yana tafiya da ƙafa huɗu. Bayan wata uku ya koma bin akuyar da ta tsinke. Ƙafar ta ɗan fi 'yar'uwarta gajarta, kuma idan ya gaji sai ka ga alamar ɗingishi, amma yana bakin aikinsa.

Kafin mu rabu, ku riƙe abu uku. Dabbar da ta kwana biyu ba ta taka ƙafa ba, a kai ta wurin likita. Kada ku ba ta maganin mutane: ibuprofen na iya huda cikin kare ya lalata masa ƙoda, farasitamol kuma yana kashe kyanwa. Kare mai jin ciwo yakan ciji ko da mai shi ne, don haka ku kira babba. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti nan take saboda ciwon haukan kare.

Ƙanena yanzu ya ce ajin kimiyya zai shiga, kuma Baba da kansa ke aje wa Duna ragowar tuwo. Idan akwai mai jinyar wata dabba a cikinku, ya rubuto mana yadda ake ciki. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.