Sharhi: Muhimmancin Sa Ido Kan Shafukan Intanet Na Hukumomin Gwamnati

Kamar yadda jama'a suka sani, a 'yan shekarun nan ayyukan gwamnati da dama sun bar teburin akawu sun koma kan intanet. Rajistar jarrabawar shiga jami'a, biyan haraji, cike takardar neman aikin soja ko na 'yan sanda, da neman bashin karatu, duk a yau sai an bi ta wani shafi kafin buƙata ta biya. Wannan ci gaba ne, domin ya rage sintiri a ofisoshi, ya kuma rage yawan hannuwan da kuɗin gwamnati ke bi ta cikinsu. To amma ya zo da wata wahala wadda mutumin karkara ya fi kowa saninta. Uba zai sayar da 'yar tiyar gero ya haɗa kuɗin mota, ya rako ɗansa hedkwatar ƙaramar hukuma, su yini a shagon masu kwamfuta, daga ƙarshe a ce musu shafin ya ƙi buɗewa, su dawo gobe. Kuɗin mota ya tafi, aikin gonar ranar ya tafi, wa'adin rufe rajista kuma yana ƙara matsowa. Abin da ya fi damun mu shi ne, sau da yawa hukumar da ke da shafin ba ta ma san an yi wannan asara ba.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2025 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, ta fitar da sakamakon ɗalibai kusan miliyan biyu, inda fiye da miliyan ɗaya da rabi suka gaza samun maki 200 daga cikin 400. Iyaye da malamai suka yi ta koke, musamman a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, suna cewa ɗaliban da aka san su da hazaƙa sun fito da makin da hankali ba zai ɗauka ba. A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana a gaban manema labarai cikin hawaye, ya amsa cewa kuskure ya auku daga ɓangarensu. Ɗalibai 379,997 ne abin ya shafa a cibiyoyi 157, wato 65 a Legas da 92 a jihohi biyar na Kudu maso Gabas, kuma sai da aka sake musu jarrabawar.

Bayanin da hukumar ta yi ya nuna cewa an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, amma gyaran bai isa ga wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke hidimar waɗannan yankuna ba. Abin lura a nan shi ne, kwamfutocin ba su mutu ba. Ɗalibai sun zauna, tambayoyi sun fito, sun amsa, sun tashi sun koma gida. Duk wanda ya leƙa ɗakin jarrabawa a ranar zai rantse komai lafiya, alhali kuwa makin da ke fitowa ba daidai ba ne. Sai bayan da sakamako ya isa hannun jama'a aka gano ɓarnar. Mun yaba wa hukumar da ta fito ta amsa laifinta, domin ba kowane shugaba ke iya wannan ba. Sai dai dole mu faɗi cewa kamata ya yi a ce ma'aikatan hukumar ne suka fara ganin kuskuren tun kafin a saki sakamako, ta hanyar kwatanta makin kowane yanki da na sauran yankuna da kuma na shekarun baya.

Haka zalika, a zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023, shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, wanda aka tanada domin kowa ya ga hoton takardar sakamakon kowace rumfa, ya riƙa karɓar sakamakon 'yan Majalisar Tarayya, amma ya ƙi karɓar na shugaban ƙasa har sai da dare ya yi. A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ce an tsara manhajar ne ta yadda za ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa na ƙasa ne baki ɗaya, bai rataya ga wata jiha guda ba, don haka manhajar ta rasa inda za ta sanya shi. Shafin ya yi aiki a zaɓen gwamnonin Ekiti da Osun na 2022, domin waɗannan zaɓuka ne na jiha. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2023 cewa wannan tangarɗa ba ta isa ta rushe zaɓen ba, amma kowa shaida ne kan irin zargi da rashin yarda da 'yan sa'o'in nan suka haifar. Ba siyasar lamarin ce ta kawo mu ba. Darasin da muke son a ɗauka shi ne, duk hanyar da ba a gwada ba kafin ranar aiki, to a ranar aikin za ta nuna halinta.

Wani lokaci kuma laifin ba na hukuma ba ne sam. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku a gabar Afirka ta Yamma, ciki har da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu lahani. Nan da nan harkokin bankuna da na kamfanoni da dama suka tsaya a Nijeriya da maƙwabtanta. Babu wani darakta a sakatariyar jiha da zai iya gyara wayar da ke cikin teku. Abin da yake iya yi shi ne ya san abin da ke faruwa cikin hanzari, ya sanar da jama'a su dakata da tafiya, ya kuma ƙara wa'adi idan akwai rajistar da ke gab da rufewa.

To mene ne wannan sa ido da muke magana a kansa? Kowane shafi yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da masana ke kira uwar garke. Akwai manhajoji na musamman da aikinsu kawai shi ne su riƙa ƙwanƙwasa ƙofar shafin dare da rana, kowane minti ɗaya ko biyu, su ga ko zai amsa. Suna auna daƙiƙoƙin da yake ɗauka kafin ya buɗe, suna ƙirga mutum nawa cikin ɗari suka yi yunƙuri suka gamu da saƙon kuskure, suna kuma rubuta kowane kuskure da lokacinsa da wurin da ya auku a cikin manhajar. Idan abin ya wuce iyakar da aka sanya, sai su aika saƙo kai tsaye zuwa wayar jami'in da ke bakin aiki. Wasu ma sukan yi shigar mai nema, su cike fom daga farko har ƙarshe, su gwada biyan kuɗi, domin a tabbatar hanyar duka a buɗe take. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci, saboda shafi yana iya buɗewa da hoton gwamna da tambarin jiha tsaf, amma maɓallin aika takarda ya kwana uku a mace.

Yana da kyau jami'anmu su fahimci lissafin da 'yan kwangila ke kawo musu. Idan kamfani ya yi alkawarin cewa shafi zai yi aiki kashi 99 cikin ɗari na lokaci, mai ji zai ɗauka an gama magana. Amma kashi ɗaya da ya rage ya haura kwana uku da rabi a shekara. Idan aka ce kashi 99.9, abin da ya rage bai kai sa'a tara ba a shekara. Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma ko sa'a taran nan, idan ta faɗo a ranar ƙarshe ta rajista ko ranar biyan albashi, ta isa ta jefa dubban mutane cikin damuwa. Saboda haka bai wadatar a rubuta alƙaluma a takardar kwangila ba, sai an bayyana wanda zai auna, da abin da za a cire daga kuɗin kamfanin idan ya gaza. Ba daidai ba ne wanda ya gina shafi ya zama shi kaɗai ne mai ba da shaida kan lafiyarsa.

Bugu da ƙari, sa idon ya kamata ya game gwamnati baki ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne, kowace ma'aikata ta ɗauki nata ɗan kwangila, ta ajiye shafinta inda ta ga dama, kalmar sirrin shiga kuma tana hannun mutum guda. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, sai a rasa mai buɗewa. Akwai shafukan da ke mutuwa don kawai an manta ba a sabunta kuɗin hayar sunansu na shekara ba. Ga shi kuma shafukan sun dogara da juna: na tallafin karatu yana iya buƙatar tantance lambar NIN daga hukumar NIMC, na haraji yana jiran amsar banki, dukkansu kuma suna jiran kamfanin sadarwa. Idan babu ofishi guda da ke ganin su duka a allo ɗaya, duk lokacin da aka samu matsala sai kowa ya nuna ɗan'uwansa, talaka kuma yana tsaye a rana. Matakin farko bai buƙatar kuɗi mai yawa: a yi cikakken jerin shafukan da gwamnati ta mallaka, da sunan jami'in da ke da alhakin kowanne, da ranar da kwangilarsa ke ƙarewa.

Haka nan muna jan hankali cewa kada a tsaya ga gwaji daga babban birnin jiha. Shafin da ke buɗewa cikin daƙiƙa biyu a ofishin babban sakatare, inda intanet ke da ƙarfi, yana iya ƙin buɗewa sam a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Yawancin mutanenmu da ƙaramar waya suke shiga, da datar da suka saya da guminsu. Shafin da aka cika shi da manyan hotuna yana cinye musu data kafin su kai ga abin da suka zo nema. Ya dace a riƙa gwadawa daga ƙananan hukumomi, da irin wayoyin da jama'a ke riƙewa, a kan layukan kamfanoni daban-daban.

Mun san wasu za su ce ina kuɗi, a lokacin da asibitoci ke neman magani, makarantu ke neman kujeru. Wannan magana ce mai tushe, ba za mu yi watsi da ita ba. Amma da dama daga cikin waɗannan manhajoji kyauta ake samun su, kuma abin da za a kashe bai kama ƙafar abin da ake asara idan shafin haraji ya yi mako ba ya karɓar kuɗi ba. Inda nauyin yake shi ne wajen mutane. Ƙararrawar da ta kaɗa da tsakar dare ba ta da amfani idan babu wanda aka ɗora wa alhakin tashi. Idan kuma aka saita ta tana kaɗawa kan kowane ƙaramin abu, ma'aikata za su gaji su daina kula ta, ranar da babbar matsala ta zo ta same su a barci. Dole ne a horar da matasanmu da suka karanci kwamfuta, a tsara musu aikin karɓa-karɓa har da ranakun hutu, a kuma ba su damar faɗin gaskiya. Ma'aikacin da ya san za a ci mutuncinsa idan ya kawo rahoton kuskure, ɓoyewa zai yi, barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Bayan kowace tangarɗa a zauna a rubuta abin da ya faru, da dalilinsa, da matakin hana maimaituwarsa.

Akwai kuma batun amana. Kundin da ke tattara kurakurai yakan kwaso sunayen mutane da lambobin wayarsu da na shaidarsu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, don haka wajibi ne a taƙaita waɗanda ke iya buɗe wannan kundi.

Shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli, hakimai da dagatai su ma suna da rawar takawa, domin su ne kunnen gwamnati a karkara. Muna ba da shawarar a ajiye littafi a kowace sakatariya inda za a riƙa rubuta koken jama'a: wane shafi ne, wace rana, ƙarfe nawa, wane saƙo ya fito, a kan wane layi. Koke goma masu irin wannan bayani sun fi ɗari da ke cewa kawai "abin ba ya yi". Su kuma jama'a, idan an cire kuɗi amma rasit bai fito ba, kada a yi gaggawar sake biya. A adana saƙon banki, a ɗauki hoton abin da ya bayyana a allo, a kai rahoto. A kuma yi hattara da masu cewa suna da wata hanya ta bayan fage idan an ba su wani abu, domin ranar da shafin hukuma ya tsaya ita ce ranar kasuwar 'yan damfara. Kada a miƙa wa kowa lambar sirri ta banki.

Daga ƙarshe, abin da ya samu JAMB da INEC ya faru ne ga hukumomin da suka fi yawancin ma'aikatun jiha kuɗi da ƙwararru. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Muna kira ga duk hukumar da ta umarci talaka ya bi ta intanet kafin ya samu haƙƙinsa, da ta tabbatar ita ce ke fara sanin shafinta ya tsaya, ta kuma sanar ta gidajen rediyo tun kafin mutane su baro ƙauyukansu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da aka danƙa musu, amin.