"An Ce" Ba Shi Da Gida

Bazarar bara, ɗan innata mai shekara 7 ya kwana biyu da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare. Sai rana ta uku aka kai shi likita. Abin da ya riƙe su gida wani vokal ne na minti huɗu da ya shigo gurup ɗin danginmu na WhatsApp: "An ce duk allurar sanƙarau da ake yi yanzu jabu ce, wai ita ke kashe yara." Yaron ya tashi, amma kunnensa na hagu ba ya ji har yau. Wanda ya turo vokal ɗin kuwa ɗan jami'a ne, irinmu.

Ilimin harshe nake karantawa, don haka ku bar ni in yi wa saƙon fiɗa. "An" wakilin suna ne marar fuska, ba ka iya zuwa ƙofar gidansa ka yi sallama. "Wai" kuma ruwan wanke hannu ne: na faɗa, amma kada a kama ni. A fada, in aboki ya ce "an ce", kafin a zuba shayi na biyu wani ya tare shi: "Kai, wa ya ce?" A salula babu mai tarewa. Ga muryar dattijo, ga sallama da salati, ga "don Allah a yaɗa" a ƙarshe. Sai turawa ta zama kamar sadaka, tambaya kuma ta zama rashin kunya.

Abin da ya fi ba ni haushi, ƙaryar nan tana da uwa a gaskiya. A 2015 sanƙarau ya kashe mutum sama da 500 a ƙasar nan, har aka rufe makarantun Yamai cikin watan Afrilu. A shekarar, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yi gargaɗi kan allurar rigakafin jabu da aka gano a Nijar, ta kuma sake a 2019. Asalin maganar ke nan: akwai wasu na jabu, kada a saya inda ba a sani ba. Daga waya zuwa waya, shekara ta faɗi, wuri ya faɗi, "wasu" ya koma "duk". Daga nan rigakafi da maganin wanda ya riga ya kamu suka haɗe, tunda duka "allura" muke ce masu. Gargaɗin da aka yi don a ceci yara shi ya zaunar da yaro gida, alhali ciwon nan yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Haka aka yi a Najeriya cikin Agustan 2014, lokacin Ebola: saƙo ya zagaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka.

Na san abin da wasunku za su ce: jahilci ne. Ban yarda ba. Sanarwar hukuma takan zo da Faransanci, hoton takarda mai hatimi. Innata ba ta yi lakkwal ba. Vokal kuwa da Hausarta ya zo, ta saurare shi tana tuƙa tuwo. Da na yi mata faɗa, cewa ta yi: "To mi kake so in yi? Wanga ya yi mini magana, ku kun yi shiru." Na rasa amsa, don na ji vokal ɗin tun ranar farko, na yi tsaki, na wuce.

Mu ne masu harshe biyu. Iyayenmu sun sayar da gero da awaki don mu iya karanta waccan takarda, mu kuwa megarmu tana ƙarewa a gardamar ƙwallo.

Ga abin da nake nema. Kafin ka tura saƙon ciwo, nemi abu uku: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In babu ko ɗaya, ya mutu a wayarka. In ka ji ƙarya a gurup ɗin gida, tambayi ma'aikacin lafiya, sannan ka yi naka vokal ɗin da Hausa, cikin ladabi, ka fara da sunanka da na mahaifinka.

Hunturu na tafe, bazara na biye. Ni na riga na yi nawa, minti ɗaya da rabi. Innata ce ta fara tura shi.