Masu Taɓin Hankali a Manyan Asibitoci: A Horar da Ma'aikatan Jinya

Mai taɓin hankali a Najeriya yakan fara faɗawa ne hannun nas ɗin da ke aiki a ɗakin kwanciya na babban asibiti, tun kafin ya ga likitan ƙwaƙwalwa, in ma zai gan shi. Mai jegon da hankalinta ya gushe, da saurayin da ƙwaya ta juya wa kai, da wadda aka ceto bayan ta sha fiya-fiya, duk a nan ake kwantar da su, gado da gado da masu ciwon suga da hawan jini.

Yawancin waɗannan ma'aikata ɗan abin da suka taɓa a makaranta kaɗai suka sani game da cutar. Cikin dare mara lafiya zai fizge robar ƙarin ruwa ya nufi ƙofa, 'yan'uwansa na cewa iska ce, a bar su su kai shi wajen mai ruƙiyya, sauran marasa lafiya kuma na neman a fitar da shi. Nas ɗaya ce a kan ɗakin, ba mai gadi, ba ƙwararren da za ta kira. Ƙarshenta sai a ɗaure hannunsa a ƙarfen gado da zani. Shi an ci mutuncinsa, ita ta sha duka, da safe kuma ita za a tuhuma.

Wannan halin aka yi alkawarin kawarwa a watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kuɗi, amma har yau amfaninsu bai iso ɗakin kwanciya ba. Ba sabon abu ba ne. Tun 1991 aka ce an shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya a matakin farko, a 2001 kuma aka yi alkawarin Abuja na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi.

Hukumomi kan ce ai akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri, kuma gaskiya suna ƙoƙari. To amma ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, ba za ta rataya komai a kansu ba.

Matsayin wannan jarida shi ne a horar da ma'aikatan jinya. Kowane babban asibiti ya samu nas mai ƙwarewa a fannin dare da rana, da ɗakin keɓe wanda ya rikice, da magani a ajiye. Gwamnoni su amince da dokar a jihohinsu, su kuma sa kuɗin wannan horo a kasafin baɗi, domin galibin manyan asibitocin a hannunsu suke.