Kifin Tomas da Wasai: laifin bai tsaya kan taru ba

In ka yi ƙorafin ƙanƙantar kifi a bakin dam ɗin Tomas ko na Wasai, masunta za su ce maka ruwa ne ya mutu. Karfasar da ake kasawa yanzu, da yawa ba ta fi faɗin yatsu uku ba, amma kana feɗe ta sai ka tarar da ƙwai cike da ciki. Kifin da ya fara haihuwa tun yana ɗan mitsitsi haka, an matsa wa ruwansa ne.

Masu ofis kuwa amsarsu ɗaya: masunta ne ke cuta wa kansu. Akwai gaskiya a ciki. Mai jan taru har ƙasa, da mai mayar da gidan sauro raga, duk suna kwashe 'ya'yan kifi kafin su girma. Sai dai a ganina an fi jin daɗin ɗora laifin a kansu ne don su ne marasa baki.

Madatsun nan na arewacin Kano, Tomas a yankin Dambatta, Gari a Kunchi, Watari a Bagwai, Jakara a Wasai ta Minjibir, 'ya'yan shirin ruwan da Gwamna Audu Bako ya kafa tubalinsa ne a mulkinsa na 1967 zuwa 1975, hukumar WRECA ta gina su. Sabon dam dama yakan zo da albarka: ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye suna ruɓewa, abinci ya wadata, kifi ya yi ƙiba. Wannan garar takan wuce cikin 'yan shekaru. Dattijon da ke ba da labarin tarwaɗar da sai mutum biyu ke ɗauka ba ƙarya yake ba, lokacin garar ya riska.

Abin da ya biyo baya daga tudu ya gangaro. Ƙasarmu ƙasa ce da ba a barin taku ɗaya ba a nome ba, gona na jingine da gona har bakin ruwa. Ana gama girbi a kwashe kara, a ɗaure harawa a kai kan bishiya, fili ya zauna tsirara duk rani. Ruwan farko na sauka, sai ya ɗebi ƙasar gona ya juye a dam. Kowace damina zurfi na raguwa. Karfasa kuma a rairayin gefe take haƙa ɗan raminta na ƙwai, laka ta binne wurin. Ga takin zamani da maganin feshi na masu tumatir da albasa suna komawa ruwa, gansakuka ta yi kore shar, da asuba ka ga kifi ya taso sama yana haki don iskar cikin ruwan ta ƙare. Injinan ban-ruwa kuwa suna ta zuƙa.

Na Wasai ya fi muni. Kogin Jakara ta tsakiyar birnin Kano ya ratso, ɗauke da ruwan kwata, sannan rafin Getsi ya haɗe da shi da dattin masana'antun Bompai. Masuncin Minjibir bai zuba ko cokali ɗaya a ciki ba, amma a komarsa abin ke ƙarewa, daga nan kuma sai tukunyarmu.

Shi ya sa ba na tafawa in na ji an zuba 'ya'yan kifi a dam an ɗauki hoto. Zuba ruwa ne a kwando. Kuɗin ya fi amfani in aka biya manoman bakin ruwa diyya suka ja da baya, aka bar gefen ga ciyawa da bishiyoyi su riƙe ƙasa. A ba sarkin ruwa ikon rufe kamu a farkon damina lokacin da kifi ke ƙwai, hakimi ya tsaya masa. Masana'antun Bompai kuma a tilasta musu tace ruwansu kafin ya shiga Getsi, doka ta riga ta ce haka.